Intanet Mai Kakkatsewa: A Ina Bayananku Ke Zubewa?

(Kiɗan buɗe shiri)

 Jama'a masu sauraro, wannan shi ne shirinmu na faɗakarwa kan fasahar zamani, wanda ke zuwa muku daga nan Abuja, babban birnin tarayyar Najeriya. 

Yau za mu duba wata matsala da ta zama ruwan dare a gidajen da suka ja intanet. An biya kuɗin wata, fitilun rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, duk suna ci, alamar waifai a cike take a fuskar waya, amma da an fara kiran bidiyo sai ka ji ana cewa: "Ba na jin ka, muryarka tana kakkatsewa." Hoto ya ƙame. Ɗaliba tana tsakiyar darasi a Zoom a fitar da ita. Maigida ya tura kuɗi ta manhajar banki, abu ya yi ta juyawa, bai tafi ba bai dawo ba. Intanet ɗin bai ɗauke ba, amma bai tsaya da ƙafarsa ba. Sau da yawa abin da ke jawo haka shi ne zubewar ƙunshin bayanai a hanya.

Abin da nake so ku riƙe daga shirin nan guda ɗaya ne. Kafin ku ƙara kuɗi ku koma tsari mai tsada, kafin ku sayi sabuwar rauta, kafin ku ɗaga waya ku yi wa kamfani faɗa, ku fara aunawa. Ku auna daga cikin ɗakinku zuwa waje, mataki bayan mataki, har ku gano inda abin ke zuba. Awon nan kyauta ne, kuma duk mai kwamfuta ko babbar waya zai iya.

To, mene ne ƙunshin bayanai? A ce ɗan kasuwa yana da kaya masu yawa da zai aika Kano daga tashar Jabi. Mota ɗaya ba za ta kwashe su ba, sai ya ƙulle su ƙunshi-ƙunshi, ya rubuta wa kowanne lamba da adireshin mai karɓa, ya rarraba wa direbobi. Yaronsa a Kano yana karɓa yana jerawa: ga na 1, ga na 2, ga na 3, sai ga na 5. Ina na 4? Ko dai ya faɗi a hanya, ko an sauke shi a Zuba saboda mota ta cika.

Haka intanet ke aiki. Duk hoton da kuka tura, duk kalmar da kuka furta a kiran WhatsApp, ana daddatsa ta zuwa ƙananan ƙunshi, mafi yawansu ba su wuce bayit 1,500 ba. Hoto ɗaya mai nauyin megabayit 3 zai fita a ƙunshi kusan 2,000. Wannan dabara ta samo asali ne tun shekarun 1960, daga aikin Paul Baran a Amurka da Donald Davies a Ingila. A 1974 kuma Vint Cerf da Bob Kahn suka fitar da tsarin da intanet ɗin duniya ke tafiya a kansa har yau.

Idan ƙunshi ya ɓata, abu biyu ne ke faruwa, ya danganta da irin kayan. Idan fayil kuke saukewa ko shafi kuke buɗewa, na'urarku za ta lura akwai giɓi, ta ce a sake aiko mata. Ba za ku rasa komai ba, sai dai lokaci. Kuma ba nan ta tsaya ba. Da mai aikawa ya ga ƙunshi ya ɓata, sai ya ɗauka hanya ta cunkushe, ya rage gudu da kansa. Da gangan aka gina wannan hali. A watan Oktoba na 1986, layin da ya haɗa wata cibiyar bincike da Jami'ar Kalifoniya a Berkeley, tazarar da ba ta wuce yadi 400 ba, ya faɗo daga bit 32,000 a daƙiƙa zuwa bit 40 kacal, saboda kwamfutoci sun yi ta maimaita aika abin da ya ɓata har suka toshe hanyar. Wani masani mai suna Van Jacobson ne ya koya musu su riƙa sassautawa idan suka ga asara. Shi ya sa mutum zai biya kuɗin megabit 50, amma 'yar zubewa kaɗan ta sa ya ji kamar bai sayi ko kashi ɗaya cikin goma ba.

Idan kuwa kiran murya ne, ko na bidiyo, ko wasan da yara ke bugawa kai tsaye, babu lokacin jiran a sake aikowa. Abin da ya ɓata ya ɓata. Wannan shi ne giɓin da kuke ji a tsakiyar magana. Ƙunshi 1 cikin 100 idan yana zuba, kunne mai lura zai fara ji. Idan ya kai 3 zuwa 5 cikin 100, hira ta zama wahala.

Ku lura da kyau a nan, 'yan uwa. Gudu daban, ɗorewa daban. Manhajar gwajin gudu za ta iya nuna muku lamba mai daɗin gani, alhali layin yana zubar da ƙunshi. Ƙarin kuɗi yana sayo faɗin hanya ne kawai, ba ya gyara wayar da ɓera ya ci.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Mu shiga aiki. Ku samo takarda da biro.

Matakin farko lura ce. Ku rubuta amsar tambayoyin nan. Yaushe abin ke faruwa: kullum ne, ko sai da dare? Duk na'urorin gidan ne, ko waya ɗaya ce? A kowane ɗaki ne, ko sai an shiga ɗakin ƙurya? Yana da alaƙa da ruwan sama? Yana zuwa lokacin da aka ɗauke wuta aka tayar da janareta? Amsoshin nan kaɗai sukan nuna rabin hanya.

Mataki na biyu shi ne auna tsakaninku da rautarku. Kayan awon sunansa ping, ƙaramar manhaja ce da wani Ba'amurke mai suna Mike Muuss ya rubuta a watan Disamba na 1983, kuma tana cikin kusan kowace kwamfuta. Aikinta ta aika ƙaramin ƙunshi, ta jira amsa, ta ƙirga waɗanda suka dawo da lokacin da suka ɗauka.

A kwamfuta mai Windows, ku je wurin bincike ku rubuta haruffa uku: c, m, d. Baƙin allo zai buɗe. Ku rubuta ipconfig, ku danna shiga. Ku nemi layin da aka rubuta Default Gateway. Lambar da ke gabansa ita ce adireshin rautarku. Yawanci za ku ga 192.168.0.1, ko 192.168.1.1, ko 192.168.8.1, ko 192.168.100.1. Idan ba ku gane ba, ku juya rautar, ana liƙa lambar a ƙarƙashinta. Daga nan ku rubuta ping, ku bar tazara, ku sa karan ɗori da harafin n, tazara, 100, tazara, sai lambar rautar. Zan maimaita: ping, karan ɗori n, 100, sai lambar. Masu waya kawai kuma, akwai manhajoji na kyauta irin su Fing da ke yin wannan aiki.

Kwamfutar za ta aika ƙunshi 100. A ƙarshe za ta faɗa muku nawa ta aika, nawa suka dawo, nawa suka ɓata. Ku yi gwajin sau biyu. Na farko ta waifai, kuna zaune a inda kuka saba zama. Na biyu ku kashe waifai na kwamfutar, ku haɗa ta da rautar da wayar kebul kai tsaye. Ta kebul, amsar da ta dace ita ce asara sifili, lokaci kuma kusan milisakan 1. Tsakaninku da na'urar da ke falonku bai kamata ko ƙunshi ɗaya ya ɓata ba.

Idan ta kebul lafiya lau, amma ta waifai akwai asara, to matsalar a cikin iskar gidanku take, kamfani ba shi da laifi. Gidajenmu na Abuja bulo ne da kankare mai rodi a ciki, kuma waɗannan suna shanye siginar waifai sosai. Ku je ku kalli inda rautar take. A gidaje da yawa za ku same ta a ƙasa, an cusa ta bayan talabijin, tana kan dikoda mai zafi, an lulluɓe ta da ɗan kyalle don kada ta yi ƙura. Ku ciro ta daga nan. Ku ɗora ta a wuri mai tsayi, a sarari, kusa da tsakiyar gida, nesa da firiji da madubi da na'urar ɗumama abinci.

Sannan ku sani yawancin rautocin yanzu suna watsa waifai iri biyu, mai lamba 2.4 da mai lamba 5. Na 2.4 ya fi ratsa bango da kai wa nesa, amma cike yake da jama'a. A rukunin gidaje irin na Gwarinpa ko Lokogoma, ko benaye masu hawa-hawa a Wuse, buɗe wayarka ka ga sunayen waifai na maƙwabta nawa ke fitowa. Duk suna magana a wuri ɗaya, har da na'urorin Bluetooth da na'urar ɗumama abinci. A wannan zango, tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna: 1 da 6 da 11. Ku shiga saitin rauta ku gwada su ɗaya bayan ɗaya. Na 5 kuwa ya fi tsabta da gudu, sai dai bango biyu na iya raunana shi. Idan kuna kusa, ku hau na 5. Idan gidan babba ne, a ja kebul zuwa ɗaya ɓangaren a sa wata na'urar waifai a can. Kwamfutar aiki da talabijin da ba sa motsi, ku haɗa su da kebul, ku bar wa wayoyi iska.

Idan kuma ta kebul ɗin ma akwai asara tsakaninku da rautar, sai a duba abu uku. Na farko wayar kanta. Ku bi ta da hannu daga wannan kai zuwa wancan. Ku duba inda ƙofa ke matse ta, da inda ta bi ta silin ɓeraye suka same ta, da inda rana ta gasa ta a jikin katanga har bayanta ya farfashe. Ku dubi kanta na roba: akwai ɗan ƙaramin harshe da ke cewa ƙas idan an soka shi. Idan ya karye, wayar za ta zauna sako-sako, iskar fanka ma ta isa ta motsa ta. Irin wannan waya ba a so tsawonta ya wuce mita 100. Idan za ku saya, a Banex ne a Wuse 2 ko a wani wuri, ku nemi mai tagulla zalla, domin akwai mai araha da alminiyam ce aka shafa wa tagulla, kuma ba ta jure nisa.

Na biyu zafi. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da Abuja ke ɗaukar zafi, rautar da ba ta samun iska takan rikice. Ku taɓa ta. Idan ta yi zafin da hannu ba ya son daɗewa a kanta, ku sauya mata wuri, ku goge ƙurar hunturu da ta toshe ramukanta.

Na uku wuta. Ƙaramar adaftar da ke ba rauta wuta tana tsufa, musamman inda wuta ke hawa da sauka. Idan ta yi rauni, fitilu za su ci, amma da aiki ya yi nauyi sai rautar ta sake tashi da kanta. Haka kuma duk lokacin da aka juya daga wutar NEPA zuwa janareta, rautar na mutuwa, ta ɗauki minti biyu ko uku kafin ta dawo. Ƙaramin batirin ajiya na rauta, ko haɗa ta da inbata, yana kawar da wannan. Idan za ku sauya adafta, ku tabbata lambar bolt ɗinta daidai take da wadda aka rubuta a jikin rautar.

(Kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan intanet ɗin gida mai kakkatsewa, da yadda za a gano inda ƙunshin bayanai ke zubewa. Mun gama da cikin ɗaki, yanzu za mu leƙa waje.

Mataki na uku, ku bar kwamfutar a haɗe da kebul, ku maimaita gwajin, amma a maimakon lambar rauta ku sa 8.8.8.8, wato na'urar Google. Ku sake da 1.1.1.1, ta kamfanin Cloudflare. Ana gwada biyu ne don kada matsalar wuri ɗaya ta ruɗe ku. Idan zuwa rauta babu asara, amma zuwa waɗannan biyun akwai, to zubewar tana daga rauta zuwa gaba.

Amma kafin ku nuna kamfani da yatsa, ku cire kowa daga waifai, ku sake gwadawa. Sau da yawa gidan ne da kansa ya cika hanyarsa. Wayoyi suna ɗora hotuna da bidiyo zuwa ma'ajiyar Google ko iCloud ba tare da an sani ba. Kyamarorin tsaro suna turawa dare da rana. Kwamfuta tana sabunta kanta. Ga kuma kalmar sirrin da aka ba baƙo ɗaya, ta zaga layi gaba ɗaya. A tsare-tsare da yawa hanyar aikawa ta fi ta saukewa ƙanƙanta, kuma idan ta cika, rauta takan tara ƙunshi a layi, layin ya yi tsawo, ta fara zubar da na baya. Idan asarar ta ɓace da kuka cire kowa, ku mayar da na'urorin ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya bayyana. Ku sauya kalmar sirri, ku mayar da ɗora hotuna zuwa tsakar dare.

Idan kwamfuta ɗaya ce tak a kan layi kuma har yanzu yana zuba, sai a duba hanyar da intanet ke shigowa gidan. A Amurka da Ingila, gidaje da yawa suna samun intanet ne ta zagayayyiyar wayar talabijin, irin wadda muke jawowa daga dish. A can, abin da aka fi kamawa shi ne kan waya da ya saki, ko tsatsa, ko ruwa da ya shiga mahaɗa, ko an rarraba wayar gida-gida har sigina ta raunana. Mu a Abuja hanyoyinmu sun bambanta: akwai faiba da kamfanoni irin su ipNX da FiberOne da Legend da MTN ke ja, akwai rautocin 4G da 5G na MTN da Airtel da Glo da Spectranet, akwai ƙaramin faranti da ake kafawa a kan rufi yana kallon hasumiya, akwai kuma Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a watan Janairu na 2023. Amma duk wanda ya ja eriyar waje zuwa rautarsa da irin waccan waya, darasin ya shafe shi: a ɗaure kan da kyau, a naɗe mahaɗar waje kada ruwa ya shiga.

Masu faiba, ku matso kusa da akwatin da kamfani ya liƙa muku a bango. Za ku ga siririyar waya, yawanci rawaya, mai kai kore ko shuɗi. Abin da ke cikinta zaren gilashi ne da kaurinsa bai fi na gashin kai ba sosai, kuma haske ne ke gudu a ciki. Idan aka lanƙwasa ta da ƙarfi, ko aka danne ta da ƙafar kujera, ko aka ƙulle ta tamau don gida ya yi kyau, hasken yana tsiyaya a wurin lanƙwasar. A bar ta ta yi zagaye mai faɗi. A jikin akwatin akwai fitila mai suna PON da mai suna LOS. Idan PON tana ci ba ƙyaftawa, LOS kuma a kashe, layi na nan. Idan LOS ta yi ja, haske ba ya isowa, an yanke ko an cire a wani wuri. A tsakanin waɗannan biyun akwai halin da haske ke isowa amma da rauni, kuma a nan ne ake samun kakkatsewa. Ku ce wa ma'aikacin kamfani ya auna ƙarfin hasken a gabanku. A yawancin irin waɗannan layuka, idan awon ya gangara ya kusa 27 ƙasa da sifili, an zo bakin iyaka. Gargaɗi kuma: kada ku zare wayar ku leƙa bakinta da ido. Hasken ba a ganinsa, amma yana iya cutar da ido. Kada ku taɓa bakin da yatsa, ƙura ƙwaya ɗaya ta isa ta tare shi.

Masu faranti a kan rufi da masu Starlink, ku lura da damina. Daga Afrilu zuwa Oktoba, ruwa mai ƙarfi yana raunana sigina, iska kuma tana iya karkatar da farantin. Bishiyar da ba ta kai ba bara, bana ta yi reshe ta tare. Manhajar Starlink tana da wurin da ke nuna abin da ya kare mata sama. Masu rautar 4G da 5G, ku gwada ta a tagogi daban-daban, kuna maimaita awon nan a kowane wuri. A unguwannin da ke gindin duwatsu, irin su Mpape da Dutse Alhaji, matsar da rauta daga wannan taga zuwa waccan na iya sauya komai. Idan ana tsawa, ku zare duk wayar da ta shigo daga waje. Kada kuma kowa ya hau turken wuta don gyaran intanet.

Mataki na huɗu shi ne bin sawun ƙunshin. A wancan baƙin allo ku rubuta tracert, tazara, 8.8.8.8. Za ta jero muku zangon da ƙunshinku ke yadawa, ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma pathping, da manhajar WinMTR, waɗanda ke nuna asarar kowane zango. Ga ƙa'idar karanta su, kuma mutane da yawa a nan suke kuskure. Idan zango ɗaya a tsakiya ya nuna asara mai yawa, amma waɗanda ke bayansa suka nuna sifili, ba matsala ba ce. Wannan na'urar ba ta damu da amsa gwaji ba ne kawai, aikin wucewa da kaya ta sa a gaba. Asarar gaskiya ita ce wadda ta fara a wani zango ta ci gaba har zuwa na ƙarshe. Inda ta fara, nan ne wurin ciwon.

Ku yi wannan awo da safe bayan asuba, ku sake yi tsakanin ƙarfe 8 da 10 na dare, na 'yan kwanaki. Idan da safe sifili ne, da dare kuma asara ta hau, kuma kun tabbatar ba daga gidanku ba ne, to cunkoso ne a wajen kamfani: masu amfani sun fi ƙarfin hanyar da aka tanadar wa unguwar. Wannan sauya rauta ba ya maganinsa.

Wani lokacin kuma abin ya fi ƙarfin unguwa. Abuja ba ta bakin teku. Mafi yawan abin da muke nema daga ƙasashen waje sai ya bi faiba ta ƙasa zuwa Legas, tafiyar sama da kilomita 700, kafin ya shiga manyan wayoyin ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 na 2010, da WACS na 2012, da Equiano na Google da ya iso Legas a 2022. Cibiyar musayar intanet ta Najeriya, IXPN, wadda aka kafa a 2006 kuma take da reshe a nan Abuja, tana taimakawa wajen tsayar da bayanan cikin gida a cikin gida. Duk da haka, da yawanku za ku tuna ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyi huɗu, WACS da MainOne da ACE da SAT-3, suka lalace a tekun da ke gaɓar Kodebuwa. Ayyukan bankuna da dama suka tsaya, intanet ya yi ta rarrafe a ƙasashen Afirka ta Yamma, gyaran kuma ya ɗauki makonni. A irin wannan rana, ko sau nawa ka kashe rauta ka kunna, ba abin da zai sauya.

A cikin gari ma, garin da kullum ake aikin titi da gada da magudanar ruwa, katafila ɗaya na iya tsinke faibar unguwa guda. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta sha bayyana aikin hanya da ɓarna da sata a cikin manyan dalilan yankewar faiba. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. Mu ma muna da rawar takawa. Idan za ku haƙa rami a ƙofar gida, ku tambaya ko akwai waya a wurin. Idan kuka ga ana buɗe ramukan waya da dare, ku sanar da shugabannin unguwa da jami'an tsaro. Wayar nan da ita asibiti ke aiki, da ita mai POS na bakin layi ke cin abinci.

Mataki na ƙarshe shi ne kai ƙorafi, kuma a nan ne takardarku za ta yi rana. Wanda ya kira ya ce "intanet ɗinku ba shi da kyau", abin da za a ce masa shi ne ya kashe ya kunna. Amma ku gwada cewa: "Ranka ya daɗe, na haɗa kwamfuta da kebul, na cire kowa daga waifai. Zuwa rauta babu asara. Zuwa 8.8.8.8 ina rasa 8 cikin 100, kullum daga ƙarfe 8 na dare, kwana uku a jere. Asarar tana farawa daga zango na biyu. Ina da hotunan allo. Ina so a ba ni lambar ƙorafi, a turo ma'aikaci ya auna layin." Wanda ya ji wannan ya san ba zai sallame ku da baki ba. Ku yi magana cikin mutunci, domin wanda ya ɗauki wayar ba shi ya yanke layin ba. Ku rubuta lambar ƙorafin da ranar da aka ba ku.

Idan lokaci ya wuce ba a gyara ba, doka ta ba ku mataki na gaba. NCC, wadda hedikwatarta ke nan Maitama, tana da layin ƙorafi na kyauta, 622. Ƙa'idar ita ce ku fara kai kuka ga kamfaninku, idan ba ku gamsu ba ku kira 622 da lambar ƙorafin a hannu. A 2025 hukumar ta kuma umarci kamfanoni su riƙa sanar da jama'a idan aka sami babbar katsewa, su kuma rama wa masu amfani idan ta wuce awa 24. Haƙƙinku ne, kuɗinku kuka biya, ku nema.

To jama'a, mu tattara. Ku lura ku rubuta. Ku auna zuwa rauta, ta waifai da ta kebul. Ku auna zuwa waje, bayan kun cire kowa. Ku duba wayar da ta shigo gida da fitilun akwati. Ku bi sawun zango-zango, safe da dare. Sannan ku kai ƙorafi da hujja. Abu ɗaya za ku riƙa sauyawa a lokaci guda, ku sake aunawa, don ku san wanne ne ya yi magani. Iyaye, ku ba yaranku wannan aiki a ƙarshen makon nan, ku zauna tare da su. Yaron da ya iya gano inda layin gidansu ke zuba ya kama hanyar sana'ar da ake nema a garin nan.

A nan za mu dakata.  

(Kiɗan rufe shiri)